Tankin kifin da na saya na hannu, da farin tabon da ya ƙi fita

Asabar, 16 ga Nuwamba, 2024

Tankin ya iso gida yau da la'asar. A wajen wani mai gidan abinci a unguwar Jekadafari, nan cikin Gombe, na same shi, muka ja ciniki har ya sallama a naira 22,000. Ya ce asalinsa na falon wani otal ne, shi kuma ya raini 'ya'yan tarwaɗa a ciki na ɗan lokaci, da ya gina na siminti sai ya jingine wannan a bayan kicin, damina biyu ta sauka a kansa. Mai Keke ya karɓi 2,500 zuwa Tumfure. Ni da ƙanena muka rungume shi a kan tsohon bargo, duk ramin da taya ta shiga sai gabana ya faɗi.

Na sa tef na auna: tsawo santimita 90, faɗi 40, zurfi 45. In aka ninka ukun aka raba da 1,000, lita 162 ke nan. Kaurin gilashin milimita 8. Babu tsagewa ko ɗaya, kuma abin da ya sa na saya ke nan. Na tabbatar gilashi ne na gaske, ba robar nan mai kama da gilashi ba, domin akwai silikon, gam ɗin nan mai kama da roba da ake haɗa gilashi da shi, a kusurwoyi, in kuma ka ƙwanƙwasa da makulli ƙara yake yi siririya. Dole a san wannan tun farko, don reza tana tafiya lafiya a kan gilashi, amma roba yanka ta take yi.

Dattin ba iri ɗaya ba ne. Mafi muni shi ne wani farin zobe da ya kewaye tankin daga sama, faɗinsa ya kai yatsu huɗu, daidai inda bakin ruwa ya riƙa tsayawa yana ƙafewa. In ka shafa yana da kaushi, farce ba ya ɗaga shi. A ƙarƙashinsa akwai siraran layuka, kowanne yana nuna inda ruwa ya taɓa tsayawa ya daɗe. A ƙasa gansakuka ta bushe ta koma baƙa ƙirin. Ta waje kuma ragowar gam ne na sitika da salatif, da ɗigo-ɗigon fenti. Silikon ɗin kusurwoyi ya rine shuɗi, alamar an taɓa zuba shuɗin maganin nan na kifi, wanda in ya kama silikon ba ya saki.

Uwargida ta leƙo ta ƙare masa kallo, ta ce, "Abban yara, araha ba ta ado fa." Na ce ta ba ni zuwa ƙarshen shekara. Autarmu kuwa tun da muka sauke shi take zagaye shi tana tambayar yaushe kifi zai zo.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Wankin farko, ruwa zalla da tsumma. Ƙasa da ganye da gawar kyankyasai sun fita, jarka biyu ta tafi. Da ya bushe sai farin zoben ya ƙara fitowa fes, don ƙurar da ke rufe shi ta kau.

Goggo tana zaune a inuwar darbejiya tana kallona. Can ta ce, "Kai ɗan nan, ka sa omo mana da soson ƙarfe. Ko ka kawo toka in nuna maka yadda ake yi." Na ce, "Goggo, a yi haƙuri, wannan ba ya son sabulu." Na yi mata bayani cewa sabulu maƙalewa yake yi a jikin silikon da lungunan da ɗauraya ba ta kaiwa, kuma ɗan kaɗan ya isa ya lalata santsin jikin kifi da abin da yake numfashi da shi. Soson ƙarfe zai bar zane. Toka da kanwa kuwa maiƙo suke ci, wannan farin abin ba maiƙo ba ne.

Na yanka lemon tsami na ɗiga a kan zoben don gwaji. Nan take ƙananan kumfa suka taso, in ka kai kunne kusa za ka ji yana ɗan tsuwa. Raina ya yi fari, domin kumfar nan ita ce shaidar cewa farar ƙasa ce, kuma farar ƙasa tsami yana narkar da ita. Ruwan burtsatse yana ɗauko ta ne narkakkiya daga duwatsun da ya ratsa a ƙarƙashin ƙasa. In ruwan ya ƙafe, shi ya tafi, ita ta zauna. Ita ce dai wadda ke taruwa a ƙasan butar shayi. Mu a jihar nan ba baƙuwa ba ce a wajenmu, dutsenta ne ya sa aka kafa kamfanin siminti a Ashaka ta ƙaramar hukumar Funakaye, wanda yake aiki tun 1979.

Da Goggo ta ji maganar tsami sai ta ce, "To ai tsamiya ma tsami ce, da ita muke wanke tagulla." Gaskiyarta. Na jiƙa tsamiya mai kauri na shafa a kusurwa ɗaya. Tana ci, amma a hankali, kuma tana barin danƙo ruwan ƙasa da sai an sake wankewa. Ga wanda ba shi da kuɗin komai za ta yi.

Talata, 19 ga Nuwamba

Na sayo farin khal, wato ruwan tsamin nan da ake kira binega, kwalba biyu a shagon masu kayan kek, 1,800 kowace. Fari nake nufi, ba na tuffa ba. A jikin kwalbar an rubuta ƙarfin tsaminsa kashi 5 cikin 100.

Na jiƙa tsummoki na manna su a kan zoben ta ciki, na tafi sallar la'asar. Kafin in dawo sun bushe ƙayau, biyu har sun faɗo. Iskar hunturu ba ta bar khal ɗin ya yi aikinsa ba. Abin takaicin ma, ɗan abin da ya narke ya sake bushewa a wurin, ya bar wani sabon farin shafe a kan tsohon. Rabin kwalba ya tafi a banza.

Bayan isha'i na sake jiƙawa, wannan karon na rufe kowane tsumma da leda na kama ta da maƙalen shanya a bakin gilashin, na shigar da tankin zaure inda iska ba ta kaɗawa.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Da asuba tsummokin suna nan da danshinsu. Siraran layukan ƙasa sun goge da shafa ɗaya. Babban zoben ya yi laushi ta sama kawai.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Yau ne aka yi aiki na gaske.

Khal ya yi wa wannan kauri rauni, kuma in na ce da shi zan gama, kuɗin kwalabe zai fi na tankin. Wani abokina da ke aikin gwaje-gwaje a asibiti ya ce in nemi sitirik asid, farin garin nan mai kama da sukari da masu haɗa lemo da zoɓo na sayarwa suke amfani da shi. Na samu a babbar kasuwa wajen masu kayan haɗa sabulun ruwa, rabin kilo 3,000. Irin tsamin da ke cikin lemon tsami ne, sai dai shi gari ne. Ba shi da wari, ba shi da launi, ruwa yana ɗauraye shi tas, kuma kai ne kake zaɓar ƙarfinsa. Na haɗa da fakitin reza 1,000 da safar hannu ta roba 1,000.

Maimakon manna tsumma a tsaye, sai na shimfiɗa bargo na kwantar da tankin a gefensa, gilashin da zan yi aiki a kai ya koma ƙasa. Na dama babban cokali uku na garin a rabin lita na ruwa mai ɗumi. Mai ɗumi na ce, ba tafasasshe ba, don da sanyin safiyar nan in ruwan zafi ya sauka a kan gilashi mai sanyi zai iya tsaga shi. Na ɗan ɗaga gindin tankin da katako yadda ruwan zai gangara ya kwanta a kan zoben, na tare bakin da naɗaɗɗen tsumma. Kumfa ta tashi sosai fiye da ta khal. Na bar shi har ta lafa. In kumfa ta daina alhali farin yana nan, tsamin ne ya ƙare, sai a tsane a zuba sabo.

Daga nan reza. Yadda na ga ta fi tafiya: sabuwa fil, gilashin a jiƙe, a kwantar da ita sosai kusan ta manne da gilashin, a tura gaba kawai, a ɗaga a dawo. Ba a goga gaba da baya, ba a sa kusurwar rezar, kuma da ta fara tsalle ko ta yi ɗan giɓi sai a yar a ɗauki wata. Na naɗe gefe ɗaya da salatif don yatsuna. Farar ƙasar da ta sha tsami tana tashi ne a dunƙule, fara, mai laushi kamar kullun koko, ta taru a bakin rezar, a bayanta kuma gilashi ya fito garai-garai har kana ganin zaren bargon da ke ƙasa. Inda tsamin bai ratsa ba za ka ji rezar tana ƙara gurus-gurus. Nan ba a matsa mata, a sake jiƙawa a koma wani wuri. Na lura zoben hawa-hawa ne, ka cire ɗaya ka tarar da wani a ƙasa, na ƙarshen ya fi kowanne tauri.

Ban kai reza kusa da silikon ba, na bar tazarar yatsa ɗaya. Can tsohon buroshin haƙori ne ya yi aiki.

Zuwa magariba dogon gefe ɗaya ya fita. Bayana kuwa ya sani.

Litinin, 25 ga Nuwamba

Ɗaya dogon gefen, bayan na taso daga aiki. Hanya ɗaya da ta Asabar.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Gajerun gefuna biyu. Sai kuma waje. Gam ɗin sitika tsami ba ya taɓa shi ko kaɗan, mai ne maganinsa. Na shafa man gyaɗa na bar shi ya jiƙa, gam ɗin ya saki ya naɗe a ƙarƙashin reza. Na bi da sifirit na kemis, 1,200, don ɗauke maiƙon. Wannan duk ta waje ne, ban bari mai ya taɓa ciki ba. Fenti kuwa ɓamɓarewa yake yi da kansa da reza ta shiga ƙarƙashinsa.

Juma'a, 29 ga Nuwamba

Na dawo daga masallaci na tarar da autarmu a durƙushe cikin zaure, hannunta cikin tankin, tana dirzar gilashi da koren soson wanke-wanke. Ta ɗago da murnarta ta ce, "Abba, na taya ka." Ban yi mata faɗa ba, don ta ga ina wahala ne. Na karɓi soson na ce ta riƙe mini tocila.

Da na haska daga gefe sai ga shi: zane-zane sirara a zagaye, wuri mai faɗin tafin hannu, a tsakiyar gefen da na fara gamawa, wanda na so ya zama gaba. Mutane da yawa suna ɗauka koren soson nan ba ya cutarwa tunda ba ƙarfe ba ne. Akwai garin dutse a manne a zarensa wanda ya fi gilashi tauri, shi ya sa yake cin ƙanzon tukunya. Na bi zanen da farce. Yawanci farce ba ya maƙalewa, amma akwai guda uku da yake tsayawa a ciki, waɗannan sun yi zurfi.

Ƙwarzane ba datti ba ne, babu abin da zai wanke shi. Akwai garin goge gilashi da ake sa wa inji, amma a kan ƙanana yake aiki, kuma in aka matsa wuri ɗaya gilashin yana lotsawa ya riƙa karkatar da abin da ake gani. Na yanke shawarar juya tankin. Wannan gefen zai koma baya, jikin bango, in shafa masa baƙin fenti ta waje. Ɗayan yana da ɗan tabo a ƙasa ta hagu, tsakuwa za ta rufe shi.

Na kwashe reza da garin asid na kulle a akwati, zauren ma na sa masa kwaɗo.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Duk kaushin ya tafi, amma inda zoben yake akwai wani dusu-dusu da ya rage, in gilashin ya bushe. Santsi ne a hannu, reza ba ta kama komai, na ɗiga asid mai ƙarfi ko kumfa ɗaya bai yi ba.

Bappa ya zo gaishe da Goggo ya tarar da ni a kai. Tsohon makanike ne. Ya ce, "Ɗana, kawo ruwan batir, minti biyar ya cinye shi." Na ce, "Allah ya ƙara girma, Bappa, ina tsoronsa." Tsoron yana da dalili. Asid ɗin batir yana ƙona fata, ɗigo ɗaya a ido ya isa, ga yara a gida. Kuma ba ma shi ne maganin farar ƙasa ba: in sun haɗu wani farin abu suke haifarwa wanda ba ya narkewa da sauƙi, ya rufe na ƙasan. Ruwan wanke masai ma an ba ni shawararsa, shi kuma cike yake da turare da launi da sinadarin kumfa. Ba zan sa shi inda kifi zai zauna ba.

Da yamma na kira mai aikin gilashi da alminiyam na bakin titinmu ya duba. Ya shafa, ya haska da waya, ya lashi yatsa ya goga a wurin. Dusu-dusun ya ɓace, da ya bushe ya dawo. Ya ce, "Malam, wannan ba a kan gilashin yake ba, gilashin ne kansa ya ciwu. Ko shekara za ka yi kana gogewa haka zai zauna." Ya ce yana ganin irinsa a tagogin banɗaki da gilashin mota da aka daɗe ana wankewa da ruwan rijiya ana bari ya bushe a rana. Fuskar gilashin ce ta yi ƙananan ramuka da ido ba ya gani ɗaya-ɗaya, suna watsa haske. In ruwa ya cika ramukan sai hasken ya wuce.

Wannan magana ta sauke mini nauyi. In na cika tankin har saman zoben, ba za a gan shi ba. Ɗan abin da zai rage a sama, zai yi mini baki na alminiyam mai faɗin santimita 6 ya rufe. Na daina kankara daga yau.

Talata, 3 ga Disamba

Ba aiki. Ɗauraya kawai, don kada tsami ya rage.

Asabar, 7 ga Disamba

Ranar bilic, ruwan nan na fitar da farin kaya, saboda baƙar gansakukar da ta shige jikin silikon, da kuma duk wata cuta da 'ya'yan tarwaɗan nan suka bari. Da gangan na bar kwanaki tsakaninsa da asid. Ina roƙon duk mai karanta wannan: kada ka haɗa bilic da khal, ko lemon tsami, ko wani asid. Iskar kilorin suke fitarwa, tana ƙona huhu, a rufaffen ɗaki tana iya kisa.

Na sayi wanda ba shi da turare, 900. Kofi ɗaya a kofi 19 na ruwa, a tsakar gida inda iska ke wucewa. Na shafe ciki duka, na bar shi kwata na awa, na bi kusurwoyi da buroshi. Baƙin ya koma fari ya wanke. Shuɗin silikon yana nan daram. Na yi ta ɗauraya har hancina ya daina jin warin, na kife shi a kan katako biyu a rana. Bilic in ya bushe sarai ƙarfinsa yana mutuwa, a nan kam hunturu ya taimaka.

Laraba, 11 ga Disamba

Gwajin ruwa. Na zaɓi wuri mai lebur a simintin tsakar gida, na shimfiɗa farar kumfar nan da ake sa wa firij a kwali, na ɗora tsofaffin jaridu a kai, sannan tankin. Kowace lita kilo ɗaya ce, in ya cika da nauyin gilashinsa ya doshi kilo 200. Ɗan tsakuwa ɗaya a ƙarƙashi zai iya fasa gindin, kuma ba a ɗaga shi da ruwa a ciki ko kaɗan ne. Mai kura ya kawo jarka shida, 150 kowace. Na cika rabi da safe, na ƙarasa da yamma.

Maganar mai gilashi ta tabbata. Da ruwa ya haura zoben, babu shi babu alamarsa. Uwargida ta tsaya ta gefe ɗaya tana ɗaga wa auta hannu ta cikin ruwan.

Juma'a, 13 ga Disamba

Yana yoyo.

Jiya ruwan ya ɗan sauka, na ɗauka iska ce ke sha. Yau da safe jaridar kusurwar baya ta dama ta jiƙe, nason ya kai faɗin faranti. Na goge wurin na zauna ina kallo. A hankali wani ɗigo ya kumburo daga haɗin ƙasa, ya gangara. Na zuƙe ruwan da tiyo zuwa cikin duro, ba a zubar da ruwa a Gombe a wannan watan, wanki zai ci shi.

Da ya bushe na danna silikon ɗin wurin da yatsa. Gefensa ya saki gilashi, farce yana shiga ƙarƙashinsa, kuma ya yi tauri ba ya dawowa in an matsa. Rana da damina biyu sun gama da shi. Ina zaton farar ƙasa da dattin da na cire su ne suke toshe ramin a da. Na gode Allah da abin ya faru a tsakar gida, ba a falo a kan kafet da kifi a ciki ba.

Ƙanena ya ce a ɗan liƙa sabo a kan wurin kawai. Ba zai yi ba. Sabon silikon ba ya kama tsohon da ya riga ya bushe, ruwa zai bi ta tsakaninsu. Sai an cire na ciki gaba ɗaya an sake.

Asabar, 14 ga Disamba

Neman silikon ya cinye mini yini. Shagon farko yaron ya miƙo mini na banɗaki da kicin, ya ce ai duk ɗaya ne. Na karanta jikinsa, an rubuta yana hana baƙin fumfuna. Maganin da ke kashe fumfunar yana tsatsowa cikin ruwa a hankali, kuma guba ne ga kifi. Na mayar. Wani kuma ya ba ni abin cike tsaga da ake shafa wa fenti, wanda ba silikon ba ne ma. A ƙarshe mai gilashi ne ya raka ni wajen wanda yake saya, muka samu zalla, marar launi, da hoton tankin kifi a jiki. In ka buɗe warin khal yake yi mai hawa kai, irinsa ake so. Guda biyu, 6,000 kowanne. Salatif na takarda 800. Bindigar matsawa aro ya ba ni.

Lahadi, 15 zuwa Alhamis, 19 ga Disamba

Cire tsohon silikon, kaɗan-kaɗan da dare. Ana yanka ne ta jikin gilashi ɗaya, sannan ta jikin ɗayan, sai ya fito dogo. Wanda ke tsakanin gilashi da gilashi ba a taɓa shi, shi ne yake riƙe da tankin, kada reza ta kutsa can. Abin da ya fi cin rai shi ne siririn fatar da ke ragewa, ba ka ganinta sai ka haska daga gefe ko ka ji yatsa yana turjewa. Reza sabuwa, sifirit, a sake hasawa. Duk inda ta rage sabon ba zai kama ba. Shuɗin da ya dame ni ya tafi tare da shi.

Asabar, 21 ga Disamba

Mai gilashi ya zo da safe muka yi tare. Muka manna salatif layi biyu a kowace kusurwa, muka bar tazarar santimita ɗaya kowane gefe. Shi yana matsawa, ni ina bi da yatsa ina lallaɓewa, ƙasa tukuna sannan tsaye, ba tsayawa, domin cikin 'yan mintuna yake yin fata kuma dole duk haɗin ya zama abu ɗaya. Muka cire salatif tun yana ɗanye. Layin ya fito siriri, tsaf. Na kawo kuɗi ya ƙi karɓa, ya ce, "Haba Malam, in kifi ya zo dai a kira ni in gani."

Ya ja kunnena a kan abu ɗaya da ban sani ba. Silikon da danshin iska yake ƙanƙara, ba da zafi ba. A damina kwana biyu zuwa uku ya isa, amma a wannan busasshiyar iska sama za ta bushe ciki yana ɗanye. Na sa kwanon ruwa a tsakiyar tankin, na rufe bakin da zani saboda ƙura. Wajen mako biyu zan ba shi.

Laraba, 25 ga Disamba

Warin khal yana nan. Na ƙara ruwa a kwano.

Talata, 31 ga Disamba

Wari ya tafi. Na shafa baƙin fenti a bayan, ta waje, hawa biyu. Zanen soso ba ya ganuwa sai ka san inda yake.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Na cika shi ranar Alhamis a kan sababbin jaridu, na sa alama da salatif a bakin ruwa, na rufe sama da leda don kada iska ta ruɗe ni. Yau ruwan yana kan alamarsa, jarida a bushe ta ko'ina. Alhamdu lillahi. Zan bar shi har Asabar mai zuwa kafin in yarda da shi gaba ɗaya.

Lissafi: tanki da kuɗin Keke 24,500. Khal, asid, reza, safar hannu, sifirit da bilic 10,700. Silikon da salatif 12,800. Ruwa wajen 5,000. Jimla kusan 53,000, ban sa fenti ba don ragowar na gida ne. Mai gilashi ya ce sabo irinsa ba zai haɗa mini a ƙasa da 90,000 ba. Garin asid ya rage fiye da rabi, uwargida ta riga ta wanke butar shayi da shi.

Abin da ke gabana yanzu shi ne kada zoben ya dawo, tunda ruwan da ya haife shi shi ne dai zan zuba. Murfin gilashi ya zama dole, don in ruwa bai ƙafe ba farar ƙasa ba ta zama. In kuma ana ta ƙara ruwa a kan wanda ya ƙafe ba a ɗiba, taruwa take yi, saboda haka duk mako zan ɗebe kashi ɗaya cikin huɗu in zuba sabo, in goge bakin ruwan da tsumma tun tabon yana ɗanye. In na samu ruwan famfo na madatsar Dadin Kowa zan gauraya da na burtsatse, amma sai ya kwana biyu a buɗaɗɗen duro kilorin ɗinsa ya fita.

Kifi ba yanzu ba, ko da yake auta ta ƙosa. Kashin kifi yana zama amoniya a ruwa, kuma sai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani sun zauna a cikin filta, wato abin tace ruwan tanki, kafin su riƙa sarrafa ta, abin da kan ɗauki mako huɗu zuwa shida. Wani mai kiwon kifin ado a Fantami ya yi alkawarin ba ni tsohon soson filtarsa don a samu iri. Sanyin dare ma bai wuce ba, yawancin kifin ado suna son ruwa tsakanin digiri 24 da 27. Zan nemi waɗanda ruwa mai farar ƙasa ya karɓe su, irin ƙananan nan masu haihuwar 'ya'ya kai tsaye, ko dangin karfasa masu launi na Tafkin Malawi, maimakon in yi ta faɗa da ruwan da nake da shi.

Mai walda zai zo Litinin ya auna teburin ƙarfe, na ce masa ƙafa shida, saman kuma katako mai kauri a lebur. Sai famfon iska mai batir saboda ɗaukewar wuta, wanda ban samu a gari ba tukuna. Yayana Hamma zai je Kano mako mai zuwa, na tura masa hoton irin wanda nake so.